Kafaɗar Baffa

Hoton mahaifinmu guda ɗaya ne tak a duniya. An ɗauke shi a bakin kogin Kwara, ranar da shi da ƙanensa, Baffanmu, suka dawo daga kai albasa kasuwar ƙetare, a ƙasar Benin. Baba ba mai son hoto ba ne, Baffa ne ya matsa masa. Suna tsaye gaban kwale-kwale, Baba ya dafa kafaɗar Baffa da hannun dama. Ni na rubuta a bayan hoton da ajami, da tawadar allo, yadda Baba ya faɗa mini: "Ni da ƙanena, Allah Ya bar mu tare."

Bayan rasuwar Baba aka yi rigima kan fadamar shinkafa. Alƙali ya raba bisa shari'a, kowa ya karɓi nasa, amma Yayana ya daina gaisawa da Baffa, Baffa kuwa ya tattara ya koma Illo. Nakan je gaishe shi ranar kasuwa ba tare da na faɗa a gida ba, domin na karanta abin da ke jiran mai yanke zumunci. A gidan Yaya kuma nake zaune, tukunyarmu ɗaya.

Wata safiya Yaya ya miƙo mini hoton. Ya ji labarin wani mai kwamfuta a Bagudo da ke fitar da mutum daga hoto.

"Ka kai a faɗaɗa mana Baba, mu rataya a zaure. Wancan kuma a hidda shi."

"Yaya, ai tare suka tsaya."

"Tare suka tsaya, na sani. Kai ma ka gaya mini inda kake tsaye."

Na karɓa na tafi.

Mai shagon dattijo ne mai yawan barkwanci. Ya sa hoton a na'ura, sai ga Baba da Baffa a fuskar kwamfuta, sun fi yadda na san su girma.

"Malam, wanne za mu kora? Jiya surukai biyu na kora kafin azahar."

Na nuna Baffa da yatsa. Ya zagaye shi da wani siririn layi, ya riƙa ɗebo ruwan kogi daga gefe yana shafawa a kansa. Hula ta fara tafiya, sai fuska, sai babbar riga. Na sha wanke allo a rayuwata, kuma ko an wanke, inuwar rubutu takan saura a jikin itacen. Wannan bai bar komai ba. Ruwa kawai, da gefen kwale-kwale.

Sai hannun Baba ya rage a miƙe, yatsu a lanƙwashe, ba ya dafe da kowa.

"Wanga hannu zai tona mana asiri," in ji mai shagon. "In cire shi daga kafaɗa? Sai in kwafo na hagu in juya, ba mai ganewa."

"Kada ka taɓa hannun ubana."

"To haka zai zauna yana dafa iska."

Haka aka wanke hoton, da hannun a miƙe. Ya tura mini guda a waya. Da na kai gida, Yaya ya daɗe yana duban hannun, sannan ya buga ƙusa ya rataya. Tsohon hoton kuma ya karɓe, ya sa a akwatinsa ya kulle. Sau biyar a rana nake wucewa ta zauren nan zuwa masallaci, kullum hannun na miƙe.

Da damina aka aiko cewa Baffa ba lafiya. Na same shi kwance a tabarma, ya rame. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, fuskar yayana ta fara ɓace mini. Hoton nan na bakin ruwa, kana da shi?"

In na ce babu, na yi ƙarya ga mara lafiya. In na je na roƙi Yaya mabuɗin akwati, ya san inda nake zuwa ranar kasuwa, kuma ba zai bayar ba. Na zauna ina jin nauyin wayar a aljihu. Daga baya na fiddo ta na buɗe.

Ya kawo ta dab da idonsa. Na ga yana neman kansa a cikin ruwan.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni na kai, Baffa."

Ya ƙara duban hoton. Sannan ya sa babban yatsa a kan hannun Baba.

"Ya yi nauyin hannu ranar nan. Ce mini ya yi in tsaya cik, kada in sa shi dariya." Ya miƙo mini wayar. "Ka kyauta da ka bar hannun. Tashi ka kama hanya, kada yayanka ya nemi ka."

Bai kai kaka ba, Allah Ya jiƙansa. Hoton yana nan a zaure, akwatin yana nan a kulle, kuma har yau ban gaya wa Yaya wanda ya gan shi ba.