Rawani Biyar da Suka Koma Goma

A shekarun da ake tara dalar gyaɗa, kafin Turawa su tattara komatsansu, ina da wani taubashi marini, ɗan goggona. Bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce min. Hannunsa kuwa don shuni, in ya yanki tuwo sai malmalar ta koma turkuɗi. Ni nake masa dako, in kwashi rawunan da ya rina in kai wa wani Alhaji a kasuwar Kurmi, mai sayar wa Buzaye.

Alhajin nan sai ya ɗaga kowane rawani ya haska a rana. Wanda ya yi dabbare-dabbare ya dawo da shi. Cikin kowane ɗari, biyar ne kan dawo, kuma duk marinar ba wanda ya kamo ƙafar taubashin nawa.

Ran nan sai goma suka dawo. Na tarar da shi a bakin karofi, na sauke kayan.

"Nawa?"

"Kai bawa, biyar kacal aka ƙara. Casa'in fa sun wuce! Alhaji har kuka ya yi don kyansu, da ƙyar aka janye shi."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɗaya ya kai shi dab da hanci kamar mai sansanar turare.

"Da can nawa ke dawowa?"

"Biyar."

"Yanzu fa?"

"Goma."

"To ka ce sun ninka. Kai a kan ɗarin kake lissafi, ni a kan biyar ɗin. Ɗan kawu, wallahi ban ga inda wannan ya ɓaci ba."

Tabon kuwa ya kai tafin hannu. Sai a lokacin na lura da farar yanar da ta fara hawa idonsa. Na ce ai hayaƙin tabarsa ne ya rasa wurin kwana. Ya ce in rufe masa baki, kada goggo ta ji.

Muka yi ta saka tozali da rubutu. Bayan damina ashirin suka dawo. Duk hanya ina shirya yadda zan ce goma kacal aka ƙara, tamanin sun wuce. Da na iso, ni da ake roƙo in yi shiru ko a gidan makoki, sai kawai na sauke kayan a gabansa. Ya laluba kayan da hannu ya ƙirga da kansa.

"Sun sake ninkawa. Ba zan zauna jiran arba'in ba."

A satin nan ya bar wa ƙanensa karofin da ya gada wajen ubansa, ya koma mabuga, inda ake jibgar zane da gungumen ice har ya yi sheƙi. Can ba a neman ido, ƙarfi da kunne kawai. Yana zaune cikin sa'o'in 'ya'yansa, yana bugun abin da wasu suka rina. Ni kuma na ci gaba da dakon rawunan ƙanen.