Geron da Ya Zo da Ƙafa

A bayan gidanmu, tsakanin garken awaki da ƙaramar tura'ar da ke kai ruwa gonaki, akwai wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba. A nan Kaka, mahaifiyar babana, take shuka geronta. Ƙauyenmu yana yamma da Hasahisa, a tsakiyar ƙasar auduga. Babana yana da hawasha, wato gonar da hukumar noma ke ba mutum ta kuma faɗa masa abin da zai shuka a ciki: auduga, dawa da wani irin wake da ake kira lubiya. Gero ba ya cikinsu. Ƙasar ma baƙar laka ce mai riƙe ruwa, gero bai cika son ta ba. Sai da Baba ya yi ta jido rairayi a kan jaki daga bakin babban kogin da muke kira Bahar kafin filin Kaka ya yi yadda take so.

Geron nan ba irin na kasuwa ba ne. Zangarniyarsa doguwa ce, ta fi hannuna tsawo a lokacin da nake ƙarama, kuma ƙwayarsa na da wani ƙamshi kamar na ƙasa in ruwan farko ya sauka. Kaka ta ce tana 'yar shekara bakwai ko takwas mahaifinta ya tashi da iyalinsa daga ƙasar Sakkwato, a shekarun da Nasara suka shigo, ya nufi Makka da ƙafa. Cikin kayansa akwai zangarniya uku. Duk inda damina ta tare su sai su sauka, su shuka, su girbe, su ware iri, su ci gaba. Da suka iso nan Jazira, yankin da ƙauyenmu yake, sai Allah ya yi masa rasuwa, sauran suka ce bari su ɗan huta. A hutun nan Kaka ta yi aure, ta haihu, ta yi furfura. Amma in baƙo ya tambaye ta ko ita 'yar nan ce, sai ta ce a'a, su matafiya ne, wucewa za su yi.

Kowace kaka, in gero ya nuna, ita da kanta take shiga da 'yar wuƙarta. Sai ta zaɓi zangarniya uku mafi tsawo ta ɗaure da kaba, Baba ya rataye su a rufin madafi, daidai saman murhu, inda hayaƙi zai hana ƙwari. Wannan shi ne iri, ko kallonsa da yawa ba a so mu yi. Sauran kuwa fura ake yi da shi, sau ɗaya a shekara. Duk sauran kwanakin kisira, wata siririyar wainar dawa, muke ci da tuwon dawa kamar kowa.

Ranar furar nan ita ce ranar da na fi so a duniya, har fiye da Salla. Da hantsi muke zama a rakuba, wato rumfar karan da ke tsakar gida, mu biyar: Kaka, Baba, Inna, yayana da ni. Ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya. Kaka ce ke fara sha, in ta haɗiye sai ta ce, "Sakkwato." Ta miƙa wa Baba, ya sha ya ce Borno. Inna ta ce Wadai, yayana Darfur, ni kuma Kurdufan. Wuraren da aka shuka geron ke nan a kan hanya. Haka ludayin zai yi ta zagayawa, muna tafiya muna komowa, har furar ta kusa ƙarewa. Yayana, wanda Larabci ya fi sauƙi a bakinsa, yakan manta ya ce wani abu da Larabci, sai Kaka ta riƙe ludayin ta yi kamar kurma har sai ya maimaita da Hausa. Takan ce a kan wannan ƙwarya ba a Larabci, don geron bai iya ba.

Ludayin ƙarshe ba a sha. Rabon Makka ne, in ji Kaka, kuma ba mu isa ba tukuna. Sai a aike ni bakin hanya da ƙwaryar in tsaya har wani mai wucewa ya zo, mai jaki ko ɗan ƙwadagon da ya fito neman aiki, in miƙa masa. Nakan tsaya ina kallon hanyar tana rawa cikin zafin rana, ina jin kamar in na ƙura ido sosai zan hango ayarin su Kaka yana tahowa, da wata yarinya mai tsawona a ƙarshensa.

Da na gama makarantar ƙauye aka kai ni ta kwana a Kamlin. Shekara biyu a jere lokacin furar yana samuna a can, ina zaune a aji ina lissafa ko yanzu ludayin ya kai Wadai, ko wa ke faɗin Kurdufan a madadina.

A shekara ta biyun abubuwa suka faru a gida waɗanda ba wanda ya rubuto mini. Tsuntsaye sun sauko kamar hadari, suka cinye geron Kaka tun yana tsaye. Da ƙyar aka tsira da zangarniya ukun iri, ba a yi fura ba sam. Da sanyi ya shigo kuma ɓeraye suka gano hanyar rufin madafi. Inna ta tsorata, ta sauko da zangarniyoyin ta murje abin da ya rage, bai fi tafi uku ba, ta gauraya da toka don kada ƙwari su taɓa, ta rufe a ƙaramar ƙwarya ta tura ƙarƙashin gadonta. Zangarniyoyin kuma, da babu sauran ƙwaya a jikinsu, ta mayar da su rufi ta rataye, don kada Kaka, wadda ciwo ya riga ya kwantar, ta ɗaga kai ta ga wurin babu komai. Amma daga baya ta faɗa mata gaskiya. Kowa a gidan ya san cewa duk abin da ya rage na geron nan a duniya yana cikin wannan ƙwarya. Ni kaɗai ban sani ba.

Na dawo hutu a kan lori lokacin tsinkar auduga, zafi ya fara. Na tarar da Kaka a kwance a rakuba, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Da ta gan ni ta yi murmushi ta ce, "Ƙawata ta dawo da Larabcinta." Inna ta faɗa mini kwana uku ke nan ba ta ci abin kirki ba, ko kunu sai ta kurɓa ta ture.

Washegari tun da sassafe kowa ya tafi hawasha, don auduga in ta buɗe ba ta jira. Aka bar ni da Kaka. Ina yi mata fifita, idonta a rufe, sai na ji ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, bakinta na son fura.

Na tashi na shiga madafi na ɗaga kai. Ga zangarniya uku a rataye, baƙi ƙirin da hayaƙi, kamar kullum. Hankalina ya kwanta, iri yana nan. Na shiga neman ko akwai ragowar gero a gidan, har na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadon Inna. Sai ga ƙaramar ƙwarya a rufe da faifai. Da na ɗaga faifan na ga geron Kaka, sai da hawaye ya cika mini ido. Na ɗauka rabona ne Inna ta ajiye mini, tunda ba na nan aka yi furar bana. Na ga toka a ciki, na ce a raina aiki ya yi wa Inna yawa har ta bar ƙura ta shiga abinci. A gidanmu ban taɓa ganin an ajiye iri a toka ba, a rufi na san shi.

Ban taɓa yin aiki da farin ciki kamar na wannan safiya ba. Na surfa, na bushe, na wanke har sau uku. Na daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, na tankaɗe, na cura, na dafa, na kirɓa har tafin hannuna ya yi ja. Na karɓo nono wurin maƙwabciyarmu mai saniya. Ina damawa ina 'yar waƙa. Dunƙule biyu kawai aka samu, ƙanana.

Na tayar da Kaka na jingina ta da ƙirjina, na kai mata ludayin baki. Ta sha, ta haɗiye, bakinta ya ce "Sakkwato" tun kafin ta farka sosai. Sai na ji jikinta ya tsaya.

"Ƙawata, ina kika samo geron nan?"

"Ƙarƙashin gadon Inna. Rabona ne ta ajiye mini, na ba ki."

"Da toka a ciki?"

"I, amma kada ki damu, na wanke shi tas."

Ta kawar da kai. Tana kallon wajen garken awaki, inda filinta yake, ko da yake daga rakuba ba a hango shi. Na ɗauka gajiya ce. Can sai ta tura mini ludayin ta ce, "To sha Borno, tunda ubanki ba ya nan."

Haka muka yi, ni da ita. Na sha Borno, ta sha Wadai, na sha Darfur, ta ce in ƙara da Kurdufan don nawa ne. Muka koma Sakkwato muka sake tahowa. Ta sha fiye da yadda na zata, ina ta murna a raina cewa ni ce na sa ta ci abinci. Da ya rage ludayi ɗaya na yunƙura zan tafi bakin hanya, sai ta riƙe mini zane.

"Zauna. Ba ni shi."

"Kaka, na Makka ne fa."

"Na sani."

Ta shanye, ta lashe ludayin, ta miƙo mini, ta ce in kwantar da ita. Ba ta ambaci sunan ko'ina ba.

Bayan la'asar su Inna suka dawo, auduga duk ta manne musu a kai da tufafi. Inna ta shigo tsakar gida ta ga ƙaramar ƙwaryar a kife a kan tulu, na wanke ta tana shan iska. Ta tsaya. Ta ɗauka ta juya ta, ta leƙa ciki kamar mai neman wani abu a ƙasan rijiya, sannan ta zauna a ƙasa, a nan inda take tsaye. Ni kuwa ina ta ba ta labarin yadda Kaka ta sha. Daga rakuba muka ji muryar Kaka, da ƙarfin da ba mu san tana da shi ba: "Ni na sa ta. Kada wanda ya ce mata komai."

Ba wanda ya ce mini komai, kuma da sun yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Baba ya ɗauki buta ya fita. Yayana ne ya hau turmi ya sauko da zangarniyoyin ya sa mini a hannu. Ba su da nauyi ko kaɗan. Na murje su ɗaya bayan ɗaya a kan faifai, babu abin da ya zubo sai ƙaiƙayi da baƙin hayaƙi. Na duba cikin turmi, na duba inda na zubar da ruwan wanki. Dusar ma na riga na ba awaki.

Kwana biyu ban iya haɗa ido da Kaka ba. A na uku ta kira ni in tsefe mata kai. Ina tsifa ina kuka ba sauti, hawayen na ɗiga a wuyanta. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Duk karatun nan na Kamlin, ba a koya muku toka ba?" Na yi dariya cikin kuka. Ta ce amma na iya kirɓi, babu gudaji ko ɗaya, ko mahaifiyarta iyakar abin da za ta yi ke nan. Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ban sake jin ta ce wa wani mai gaisuwa su matafiya ne ba.

Ta rasu kafin ruwan farko. An binne ta a maƙabartar da ke bayan babbar tura'a, kusa da mahaifinta.

Da damina ta sauka Baba ya kasa jure ganin filin Kaka babu shuka. Ya sayo gero a kasuwar Manaƙil ya watsa. Bayan kwanaki, a can gefe, bakin ruwa, inda bai tuna ya watsa komai ba, sai ga tsiro huɗu. Na ce gyauro ne, ƙwayoyin da tsuntsaye suka zubar bara. Na kewaye su da ƙaya, na roƙi yayana ya kula da su in na koma makaranta. Biyu suka rayu. Zangarniyarsu ta fi ta kasuwa tsawo, amma ba ta kai wadda na sani ba. Baba ya shinshina ya ce shi ne. Inna ta tauna ƙwaya ɗaya ta girgiza kai. Mai iya raba gardamar da kurɓi ɗaya tana bayan tura'a.

Yanzu shekara tara ke nan. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma kowace kaka ina komawa gida in zaɓi zangarniya uku daga jikokin waɗannan biyun, Baba ya rataye. Muna yin furar. Ni ce ke faɗin Sakkwato, don ba wanda ya yarda ya karɓa, sannan in jira ludayin ya zagayo in faɗi Kurdufan. Duk lokacin da na kai shi baki nakan rufe ido in nemi ƙamshin nan na ruwan farko. Wata shekarar ina jin kamar na same shi, wata shekarar babu.

In ya rage ludayi ɗaya kowa sai ya dube ni. Har yau ban san abin da Kaka za ta so a yi da shi ba, tunda ita ta riga ta sha nata. Nakan ɗauki ƙwaryar in fita bakin hanya in tsaya. Yanzu lorori sun fi masu tafiya a ƙasa yawa, kuma ba sa tsayawa. Bara na daɗe a tsaye har furar ta fara tsinkewa, kafin wani tsoho ya zo da akuyarsa.