Gwadabe Mai Fito da Injin Bunu

Duk wanda ya ƙetare kogin bayan Ajingi da damina a ƙarshen zamanin Turawa ya san Gwadabe mai fito. Dogo ne, mai ƙatuwar murya, ya gaji kwalekwale da gorar tuƙi a wurin mahaifinsa. Ba mugu ba ne, ya sha ƙetarar da tsofaffi kyauta. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa: a yabi wani a bakin ruwan nan yana tsaye.

Sai ga Bunu, mijin ƙanwarsa Hanne, wani Babarbare mai fataucin gyaɗa da ke zaune a tsallake, ya dawo daga Kano da tsohon injin jirgi da ya saya a hannun wani Baturen kanti. Ya ɗaura shi a gindin sabon kwalekwale. Ranar da aka tayar da shi, har daga Gafasa mutane suka zo kallo. Gwadabe ya koma ƙarƙashin giginya, abinci ma ya ƙi shiga.

Amma injin ya zo da halinsa. Da zarar ya ɗauki gudu sai ruwa ya tashi ta baya kamar an buɗe famfo, ya jiƙa mutane sharkaf. Matan da suka shiga da garin gero suka fita da kunu. Wani mai unguwa ya sauka rawaninsa na ɗiga, yana rantsuwar ba zai ƙara ba. Fasinja suka dawo wa Gwadabe, ya riƙa tuƙi yana waƙa.

Wata safiya Bunu ya same shi, ya durƙusa.

"Yaya, kai ka san ruwa. Mene ne ya sa yake wannan feshin?"

Gwadabe bai san komai a kan inji ba. Abin da ya zo masa kawai shi ne, in farfelar injin ta fito daga ruwa, jirgin zai tsaya cak a tsakiyar kogi, a yi dariya.

"Ya nutse da yawa," in ji shi. "Ɗaga shi sama sosai, kamu guda ma bai yi yawa ba."

Bunu ya yi godiya ya tafi neman katako. Bai samu mai kaurin kamu ba, sai wani guntun maɗaci da bai wuce yatsa uku ba. Shi ya kafa a gindin jirgin, ya ɗora injin a kai, ya ɗaure.

Ashe daidai ke nan. Ƙafar injin ta daina huɗar ruwa, jirgin ya tafi sumul, ba wanda ya jiƙe.

Bunu ya bi kasuwa yana faɗa: "Ai Yaya Gwadabe ne ya gyara min!" Mutane suna yi wa Gwadabe barka, suna wuce shi suna shiga jirgin Bunu. Yana amsawa da "Madalla," haƙoransa a cije.

Daga nan ya koma fiton awaki da jakunan Fulani, waɗanda ƙarar inji ke firgitarwa. Har ya tsufa bai taɓa sa ƙafa a jirgin surukinsa ba. Ko ranar sunan ɗan Hanne, Bunu ya aiko a ɗauko shi, Gwadabe ya ce yana da nasa jirgin. Ruwa ya cika, ya sha fama da gora, ya isa an riga an watse. A zaure aka gaya masa sunansa aka sa wa yaron.