Ranar da Baba Ya Tsaya Sallama

Baba bai taɓa shiga wuri babu sallama ba. Ko ɗakin Inna zai shiga, matar da suka tsufa tare, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya jira a amsa, sannan ya ɗaga labule. In aron gatari ya kai shi gidan maƙwabci, sai an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da ruwan jiya, kafin maganar gatari ta fito daga bakinsa. Ni da Allah ya yi ni da gajen haƙuri, na sha tsayawa a bayansa ina cizon leɓe.

Da ya yi ritaya daga aikin akawu a Gumel, sai ya tattara ya koma ƙauyenmu can gefen Sule Tankarkar, ya ce noma zai yi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan teburin ofis! Ya sayi shanun huɗa biyu, ja da fari, da garma da amalanke. Duk abin da ya tara a aiki yana jikin shanun nan, kuma da su ya ƙudura zai yi huɗar gyaɗa da riɗi ya ciyar da gida. Jan ne ɗan gatansa. Da hannunsa yake ba shi dusa, yana sosa masa wuya, yana yi masa magana kamar mutum. Inna takan ce ko mu da ya haifa ba mu sami wannan lallashin ba.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya saka shi a cikin wani zaure na manoma da masu kiwo a intanet, inda kowa ke kawo tambayarsa, masu sani su amsa. Ni ma ina ciki, saboda 'yan kajin da nake kiwo a bayan gida a Gumel inda nake koyarwa. Baba ya ɗauki wurin nan tamkar zauren ƙofar gida na gaske. Kullum in ya karya kumallo, ya sa tabarau, ya bi rubutun mutane ɗaya bayan ɗaya yana ajiye musu addu'a. Wannan "Allah ya saka da alheri", wancan "Allah ya ƙara basira". Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, ku ne limamin zauren nan?" Ya ce, "Uwata, wanda ya ɓata lokacinsa ya yi wa jama'a rubutu, ai ba a wuce shi haka nan." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Wata Alhamis ce a farkon damina. Ina aji, hantsi ya daɗe da duban ludayi, wayata ta dame ni da kuka a jaka. Inna ce. Ita da ba ta kira sai da dalili.

"Ke, jan san nan na Babanku zai mutu. Ya tsinke igiya da sassafe ya faɗa ɗanyar ciyawa, ya ci ya ci. Ga cikinsa nan ya kumbura kamar ganga. Shi kuma yana zaune yana danna waya."

Na ce, "Ba a kira malamin dabbobi ba?"

"Yana Maigatari. Wayarsa ba ta shiga. Kin manta yau kasuwa?"

Ranar Alhamis duk wanda ya san ciwon saniya a ƙauyenmu yana kara, kasuwar dabbobi, a Maigatari, daga mai saye da mai sayarwa har mai zuwa kallo. Gari ya rage mata da tsofaffi da Baba. Inna ta ce sun jiƙa kanwa sun ɗura masa, babu abin da ya sauya.

Na fita daga aji na buɗe zauren. Wallahi abin da na gani har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ga rubutun Baba can, tun da sanyin safiya: "Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure mai albarka, manya da ƙanana. Da fatan an tashi lafiya." Shi ke nan. Babu sa, babu ciki, babu komai. A ƙasa kuwa amsoshi sun yi layi, wa alaikumus salam, wa alaikumus salam, lafiya lau Alhaji, ya iyali, ya ruwa. Baba ya bi su yana amsawa. Can ƙasa sosai ya rubuta, "Ina da 'yar tambaya idan an ba ni izini." Aka sake jerowa: bismilla, muna ji, Allah ya sa mun sani. Sai can ƙarƙashin wannan tulin gaisuwar, inda sai mai neman allura zai kai, ya faɗi abin da ya kawo shi. Mutum biyu-uku suka gani suka ce Allah ya ba shi lafiya. Wani kuma ya rubuta, "An sha amsa wannan a zauren nan, a riƙa bincikawa kafin a tambaya." Baba ya mayar masa da, "Na gode, Allah ya shirye mu baki ɗaya." Na san wannan addu'ar. Ita yake yi wa wanda ya raina masa hankali.

Na ce innalillahi! A tsaye a barandar makaranta na danna ɗan madubin nan na bincike da ke saman zauren, na rubuta "kumburin ciki". Kafin in ƙifta ido, ga su nan rututu. An tambaya bara, an tambaya bara waccan, an tambaya a Gagarawa, an tambaya daga can cikin Nijar. Na buɗe na farko, wani malamin dabbobi ne ya zauna ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce idan dabba ta ci ɗanyar ciyawa mai raɓa cikinta ya kumbura, a yi maza a ɗura mata man gyaɗa a hankali, a tsayar da ita gabanta ya fi bayanta tudu, a gitta mata itace a baki ta yi ta tauna, kada a bari ta kwanta, ana yi ana neman likita. Ya ce abin ba ya jira.

Man gyaɗa! Inna ƙuli-ƙuli take yi. Jarkar man tana bayan ƙofar ɗakinta, tsakaninta da turken shanun bai fi ka miƙa hannu ba.

Na kira Baba, waya na ta ringi bai ɗauka ba. Na kira Inna. Tana ɗauka na ce, "Inna, man gyaɗa! Ku ɗura masa man gyaɗa yanzun nan, kar ku bari ya kwanta!"

A bayanta ina jin hayaniya, da muryar ladanin unguwarmu, tsoho ne da ba ya zuwa kasuwa, yana cewa a kawo wuƙa, a yi sauri kada ya zama mushe.

"Ya riga ya faɗi," in ji Inna. "Numfashi ma da ƙyar."

Ban nemi izinin kowa ba. Na tare mai mashin na ce Sule Tankarkar, ko nawa ne. A hanya ina ta surutu ni kaɗai kamar mahaukaciya, har mai mashin ya juyo ya ce, "Hajiya, rasuwa aka yi?" Na ce masa ya kalli gabansa. Raina ya gama ɓaci, na rasa wa zan ji haushi. Baba ne, ko mutanen nan da suka yi ta amsa sallama babu wanda ya ce Alhaji faɗi abin da ke tafe da kai?

Na isa an yi azahar. An riga an yanka, an feɗe, mata na shigowa da kwanuka. Farin san yana can a turke yana jan igiya, yana kuka yana leƙen inda ɗan'uwansa ya saba tsayawa. Baba na zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, tabarau a hannu, rigarsa duk kanwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar 'yan makaranta da maigidana. A ranar! Na ce, "Baba, ya muka ji da haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki, Uwata. Kwanansa ne ya ƙare. Na tambaya a zaure, Allah bai sa akwai wanda ya sani ba."

Wannan maganar ce ta tunzura ni. Na ciro waya don in nuna masa cewa akwai wanda ya sani, an kuma rubuta tun bara. Na buɗe bayanin malamin dabbobin nan, yatsana ya zame ƙasa zuwa wurin masu sharhi. Na goge fuskar wayar da gefen mayafina na sake dubawa. Hoton Baba ne, da farar hularsa. A ƙarƙashin bayanin, tun daminar bara, ya rubuta: "Allah ya saka da alheri malam, Allah ya ƙara basira."

Na ce, "La ilaha illallahu!" da ƙarfi har matan da ke rabon nama suka waiwayo.

"Lafiya?" in ji Baba.

Da ina da hankalin manya da na mayar da wayar jaka. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Baba, ku duba. Ku ne nan. Ku kuka yi masa addu'a."

Ya mayar da tabarau, ya karɓi wayar. Ya fara daga sama, leɓɓansa na motsi, yana bin layi da yatsa yadda yake bin lissafi a ofis a da. Na ga lokacin da ya kai wurin man gyaɗa, don yatsan ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin Inna. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gangara ya ga rubutunsa.

"Ni ne kuwa," ya ce. Muryar ta yi ƙasa, ban taɓa jinta haka ba. "Na ga rubutun da tsawo. Na ce bawan Allah ya yi ƙoƙari, na sa masa albarka na wuce. Ashe ni yake yi wa magana."

Ya miƙo mini wayar, ya tashi ya shiga ɗaki. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga Baba ya ɗaga labule bai yi sallama ba. Inna ta harare ni, harara mai zafi, ni kuwa na fashe da kuka.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Daminar nan sai da Baba ya jira kowa ya gama huɗarsa, sannan wani maƙwabci ya haɗa nasa da farin aka yi masa. Gyaɗar ta makara, riɗin ma haka, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Da na je hutun ƙarshen mako, bayan an kwana biyu da rasa san, ya kira ni gindin darbejiyar ya ce in nuna masa madubin nan. Na nuna masa: kada ya rubuta jimla, ya sa kalmar ciwon kawai, in bai samu ba ya sauya wata, kumburi, zawo, kaska, tari, ya kuma duba wanda aka yi ta amsawa ya karanta har ƙarshe. Ya ce, "Wato shi wannan ba a gaishe shi?" Na ce ba a gaishe shi, Baba. Ya girgiza kai, ya ce duniya ta zo da abin mamaki. Daga ranar ya rage rabon addu'a. Inna ta ce yanzu sai ya yi rabin safiya a kan rubutu ɗaya, wani lokacin har ya karanta mata da ƙarfi tana suyar ƙuli.

Da wata daminar ta zagayo, ina zaune a ofishin malamai ina duba zauren, na ga wani bawan Allah daga wajen Gagarawa ya rubuta, "Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina da tambaya." Shi ke nan abin da ya rubuta. Ruwa ya sauka daren jiya, ciyawa ta fito ko'ina. Amsar farko da ke ƙasa, kafin kowa ya ce uffan, ta Baba ce, mai farar hula.

"Faɗi maza, kada ka jira kowa. Dabba ce? In cikinta ne ya kumbura, tashi ka nemo man gyaɗa yanzu, ga bayanin nan na liƙa maka, ka karanta duka. Ni na tsaya gaisuwa na rasa sana. Wa alaikumus salam."