Ɗakin Ƙasa na Gidanmu a Damilu

Warin jiƙaƙƙen buhu har yau yana mayar da ni gidanmu na Damilu. In kana zaune a Jimeta ka san shi, domin da damina ta kama kowa sai ya jera buhunan yashi a bakin ƙofa.

Muna da wani ɗaki da ƙofarsa ke kallon titi. Shekara da shekaru ana zuba jar ƙasa a layin, titi yana tashi, ɗakin yana nan inda yake, har sai da aka yi masa matakala ana sauka. Mu yara muke ce masa ɗakin ƙasa. Gawayi kawai ake ajiyewa a ciki.

A shekarar da 'yan bindiga suka watsa garuruwan arewacin jiharmu, wata malamar makaranta, Kirista, ta iso da tsohuwarta da 'yarta, ƙafafunsu duk sun kumbura. Kakata ta sa aka kwashe gawayin, ta ba su ɗakin. Da rani lafiya lau. Ruwan farko kuwa da ya sauka da la'asar, sai ga tabarmarsu tana yawo, tsohuwar tana zaune a kan bokiti tana tari.

Muka yi abin da kowa ke yi. Muka jera buhunan yashi a gindin ƙofar, muka cusa tsummoki. Ruwa na biyu ya fi na farko ɓarna. Bappa, ƙanin babana, wanda dama zaman bai kwanta masa ba, ya ce a kai su sansanin 'yan gudun hijira kafin tsohuwa ta mutu a hannunmu.

"Dada, ba mu muka kore su ba, ruwa ne," ya ce wa mahaifiyarsa.

Kakata ta dube shi ta ce, "Bindiga ta kore su daga gidansu. Ruwa bai isa ya kore su daga nawa ba."

Wallahi na ji daɗin maganar nan har cikin raina, ko da yake ni ma ban ga mafita ba.

Da hadari ya sake haɗowa, Kakata ta ɗaure zaninta ta fita, ita da malamar, suka tsaya cikin ruwan suna kallon inda yake bi. Ashe ƙofar ba ta da laifi sosai. Indararon soronmu a kan matakalar yake zuba, ruwan titi ma ta nan yake gangarowa. Buhunanmu kuma sun danne 'yar kafar da ruwa ke ficewa, matakalar ta zama kwatarniya.

Washegari aka juya bakin indararon zuwa kwata. Buhunan aka hau da su saman matakala, bakin titi, daga baya aka yi tudun siminti a wurin. Malamar da kanta ta haƙa rami mai zurfi a gindin matakalar, muka cika shi da tsakuwa. Aka kafa 'yar rumfar kwano, aka yanke ruɓaɓɓen ƙasan ƙofar, aka buga masa robar tsohuwar taya. Bappa ne ya buga ƙusoshin, yana yi yana gunaguni.

Ruwa ya dawo da ƙarfinsa, ɗaki ko ɗigo. Tsohuwar ta warke, ta ci damina biyu a nan kafin hanyar gida ta buɗe.

Yanzu an shimfiɗa kwalta a layin, ɗakin ya ƙara nutsewa, Kakata kuma ta riga mu gidan gaskiya. Yayyena suna so a cike shi da ƙasa a ɗora shago. Na ce musu ba da ni ba. Kowace shekara kafin hadari ni nake sauka in yashe ramin nan da hannuna. 'Yar malamar ta dawo Jimeta karatu, a ɗakin take zaune, makullin yana hannunta. Mai son shago ya je ya ce mata ta tashi, in yana da idon yin haka.