Kunnen Illo da Anka Sa Cikin Kwalba

Bana shekara goma ke nan da anka yanke kunnen yayana Illo bayan ya cika, anka ba mu gawa kamar ba a yi komi ba. Ni na yi mishi wanka a garinmu Bangi. Hannuna ne ya taɓa ɗinkin bayan kunnen hagu, da audugar da anka cusa inda ƙashi ya kamata ya kasance.

Illo maginin rijiya ne. Sanƙarau ya kurumtad da shi tun shina ƙarami, kuma bai taɓa roƙon kowa ba. Da zazzaɓi ya kada shi, munka kai shi rumfar wani lokotoro Bature mai yawon duba marasa lafiya. Mai taimakon Baturen ɗan kawunmu ne, Sidi. Shi ya hana mu shiga, wai magani aka yi mishi, alhali Illo ya daɗe da mutuwa.

Daga baya Sidi ya yi mini bayani, har da alfahari. Wai can cikin kunne akwai wata 'yar taga kewayayya, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, da fata siririya a bakinta. In ƙara ta shiga sai fatar ta motsa, in ta toshe ji ya lalace. Ita Baturen ke bincike, ita ya ɗauke ya sa cikin kwalba ya tahi da ita ƙasarsu. Na yi lakol, makarantar boko, shekara ukku, na san ilimi abu ne mai kyau. Amma ilimin da ke jin kunyar tambayar masu gawa, ƙyamarshi nika yi.

Da Illo na nan, da hannu zai tambaye ni ko tun daga lokacin an buɗe kunnen kurma guda a ƙasar Madawa. Ban san ko ɗaya ba. Rijiyoyinshi dai har yau mata na ɗiba.

Watan jiya Sidi ya zo ƙofata, zai tahi Makka, shina biɗar gafara. Ya ce shi umurni ya bi. Ban shimfiɗa mishi tabarma ba.

Na ce: "Ɗan kawu, ba ni kunka yanka ba. Tahi ka amso abin da kunka ɗauka, mu tona kabarin mu maida mishi. Ran nan sai ka yi zancen gafara."