Sandar Huɗubar Malam Hamadu

Har gobe ba zan manta da wata Alhamis ba, a shekarar da na sayi injin murɗe katakon nan da kuke gani a kusurwar shago. A unguwar Messa na same shi, a hannun wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ke aikin katako don sha'awa bayan ya yi ritaya.

Ga wanda bai san shi ba, ga yadda yake. Kana ɗaure katako ta kai biyu, injin sassaƙa da muke kira defonsez yana zaune a sama. Kana juya hannu, katakon na juyawa, defonsez na tafiya a hankali yana fitar da murɗi kamar igiya. A ƙafar tebur ko ta gado babu kamarsa. Amma ɗan gajere ne, katakon da ya wuce mita ɗaya ba ya shiga. Mai shi ya gaya mini haka, na ji da kunne ɗaya.

Sai ladanin masallacinmu na nan unguwar Briqueterie ya zo, ya ce jama'a na son a yi wa liman, Malam Hamadu, sabuwar sandar huɗuba kafin Juma'a. Kai, zumuɗi ya kwashe ni! Sandar ta fi ƙarfin injin, don haka na murɗe guntaye biyu na katakon sapeli, na haɗa su da turaku da gam, na ɓoye haɗin cikin murɗin. Na shafa mata varnish tana ƙyalli. A tunanina sandar huɗuba ta riƙewa ce kawai, ado ce. Ban tambayi kowa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam ya zo da kansa. Dattijo ne mai jiki, gwiwarsa ta dama ta daɗe tana ba shi wahala. Ya shafa sandar, ya ce, "Madalla, Garba, hannunka ya yi kyau." Sannan ya dogara da ita don ya hau dakalin shago, ya sakar mata nauyinsa gaba ɗaya. Na ji wani ɗan ƙas a tsakiya. Shi bai ji ba.

Matakalar mumbari uku ce, kuma gobe gaban jama'a zai hau. Kunya ta ce in yi shiru, amma na kasa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni ita. Guntaye biyu ce, na haɗa."

Ya dube ni, ya ce, "Da ka bari sai gobe, da ka ji labarin na faɗo kan sahun farko."

Na karɓe ta. Da safe na ɗauko katako guda mai tsawo, na fere shi da hannu, babu murɗi babu ado, na kai masa kafin azahar. Ya jingina da ita sau biyu a ƙofar gidansa, ya ce wannan ce tasa.

Injin bai yi laifi ba, iya abin da zai iya ya yi. Ni ne na ɓoye gazawarsa da gam. Shi ya sa, ku masu koyon aiki, duk wanda ya kawo aiki shagon nan, kafin ku tambaye shi irin adon da yake so, ku fara tambayarsa wa zai dogara da abin.